Kyamarar Farko da Kuɗin Bursi

Jikka 210 na tara. Wani kaso daga bursi ne, wadda kowa cikinmu ya san sai ta ga dama take zuwa. Wani kaso daga karatun gida da nake koya wa wasu yara biyu a Yamai da marece. Sauran kuɗin ragon da innata ta turka mini ne tun ina shekarar farko ta lisans. Saboda haka in na ce zaɓen kyamara ya ɗauke ni wata biyu, kada wani ya ɗauka son gayu ne. Wanda zai sayi kaya da kuɗin ragon uwarsa ba shi da damar saye sau biyu.

Memwar ɗina kan kalmomin ƙira ne a Tasawa: sunayen kayan aiki, sunayen abin da ake ƙerawa, da kalmomin da maƙeri ke faɗa wa yaronsa alhali ƙarfe na cikin wuta. Da farko salula ta ishe ni, don sauti nake nema. Amma ku da kuka taɓa zama kuna rubuta maganar da aka ɗauka kun san abin da ke biyo baya. Tsoho zai ce: “Ka kama nan, ka buga can, kāna ka yi mishi haka.” To, ina ne nan? Wane can? A takarda “nan” kalma ɗaya ce, a baki kuwa biyu ce, karin sauti ke raba wadda take kusa da ni da wadda take kusa da kai, haka ma “can”. Kunne na iya raba waɗannan. “Haka” fa? Ma'anarta tana cikin hannun tsohon, cikin yadda ya karkata awartaki, kuma sauti ba ya ɗaukar hannu. Rabin ilimin maƙeri a irin waɗannan kalmomi yake. Bargery ya tara masaba da muntalaga da zugazugi cikin ƙamusunsa tun 1934, Allah ya saka masa, amma ƙamus bai nuna maka inda ɗan yatsa ke zama bisa ƙota ba.

Bari in faɗi wani abu da masu sayar da kyamara ba za su so ba. Mafi yawanmu ba mu bukatar kyamara. In hoton bikin ƙawarki za ki ɗauka da rana, ko allon malami kafin ya goge, salularki ta isa har ta yi yawa. Ni abin da ya kore ni daga salula duhu ne. Maƙera rumfa ce mai duhu, haske na shigowa ta ƙofa kamar ya makantar da kai, wuta kuma tana ƙasa tana ja. Abin da ke kama haske cikin salula bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na ƙananan kyamarorin Canon kuwa milimita 22 ne da ɗoriya a tsawo, kusan 15 a faɗi. Kwarya ce da ludayi aka ajiye cikin ruwan sama guda. Ga kuma kira da ke shigowa tsakiyar magana, ga ma'ajiya da ke cika.

Kyamarar da ake sauya wa ido kashi biyu ce. Akwai jiki, wanda ƴan kasuwarmu ke kira buwatiye, akwai kuma ido, wato objektif. Abokanmu na ƙetaren iyaka cewa suke bodi da lens. Ni jiki da ido nake cewa, tsoffin Tasawa ma da shi suka fi ganewa. Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne bakin da ido ke shiga jiki. Kowane kamfani da irin nasa, kuma ido ba ya shiga bakin da ba nasa ba sai da wani ƙarin zobe. Ranar da ka sayi jiki ka yi aure ke nan cikin wani gida, dangin gidan kuma su ne idanun da za ka iya saye ko aro nan gaba. Bakin EF na Canon tun 1987 yake, bakin F na Nikon tun 1959. Gidaje ne masu yawan dangi, duk inda ka je za ka tarar da ɗan uwa. Akwai kuma gidan da aka rufe: ƙananan EOS M da Canon ya fara fitarwa a 2012 kyawawa ne, marasa nauyi, an nuna mini ɗaya har raina ya biya, amma an daina yi musu sabbin idanu, kuma idanunsu ba su hawa sabbin jikunan kamfanin. Na mayar da ita cikin kwalinta.

Gardamar da ta fi cika intanet ita ce tsakanin kyamara mai madubi da marar madubi. A tsohon salo, akwai ɗan madubi a ciki da ke tura hoton zuwa tagar da kake leƙawa, in ka danna sai ya ɗaga, shi ne ƙarar “karas” da muke ji wajen biki. Sabon salo ya jefar da madubin, jiki ya ƙanƙance, kuma ya fi iya bin fuskar mutum da kansa in ana bidiyo. Tun 2018, da Canon ya fito da bakin RF, Nikon kuma da bakin Z, can ƙarfinsu ya koma. Duk masu bayani a YouTube za su ce maka nan gaba ta marar madubi ce, kuma gaskiyarsu. Sai dai su da yuro suke magana. Ɗauki farashin da suka kira mai sauƙi ka ninka shi da 656, ka ƙara kuɗin kawowa, sai ka ga inda jikka 210 ta tsaya.

Wannan ƙaurar tasu ce ma ta yi mana rana. Masu hali sun koma sabon salo, suna zubar da tsofaffin kayansu, kayan kuma suna gangarowa wajenmu a matsayin okaziyo. Kyamarar da aka yi a 2013 ba ta manta yadda ake ɗaukar hoto ba don an yi wata a bara. Na zagaya wajen masu hoto na unguwa, a Yamai da Maraɗi, ina leƙa abin da ke rataye a wuyansu ranar ɗaurin aure. Kusan duk wanda na gani mai madubi ce, Canon ko Nikon. Wannan ya fi mini duk wani bayanin intanet nauyi, don in batir ɗina ya mutu ranar Juma'a a Tasawa, ba kamfani zan kira ba, ƙofar mai hoton bakin tasha zan buga. Ƙari a kan haka, mai madubi ba ta shan batir kamar marar madubi in hoto ake ɗauka. Nikon D3500 an ce tana kai hoto 1,550 da caji ɗaya, Sony a6000 kuwa wajen 360. A garin da kuran ke tafiya ba sallama, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Sannan ga ƙurar hunturu. In ka cire ido daga marar madubi, farantin da ke kama haske a fili yake yana kallonka. A mai madubi kuwa akwai madubi da labule a gabansa. Ba kariya ce cikakkiya ba, amma ta fi babu.

Duk da haka ba waɗannan ne suka yanke mini hukunci ba. Wani ɗan rami ne mai faɗin milimita 3.5 a gefen jiki, inda ake soka wayar mikoro.

Ku yi tunanin ƙarar maƙera. Masaba na sauka kan uwar maƙera, zugazugi na huci, yara na shiga suna fita, kabu-kabu na wucewa. Mikoron da aka gina cikin kyamara duk zai kwashe wannan, muryar tsohon kuma ta zama kamar daga rijiya take fitowa. Mai ɗaukar hoton biki bai damu ba, zai ɗora waƙa a kai. Mu kuwa da ke neman tsawon wasali da karin sauti, da bambancin “r” mai kaɗawa da “r” mai naɗewa, sai an maƙala wa mai magana ɗan mikoro a wuyan riga, kusa da baki. Kyamarar da ba ta da wannan rami, ko kyauta aka ba ni, sai in nemi wata na'urar sauti daban in riƙa haɗa su a ordinater, aikin da ke cin dare.

Abin mamaki, ramin nan ba ya bin shekaru. Nikon D3300 ta 2014 tana da shi. D3400 da ta gaje ta an cire mata, D3500 ma babu. Canon 1300D da 2000D da 4000D, waɗanda su aka fi tura wa sabon shiga don araha, duk babu. Sony a6000 da ake ta yabo, ita ma ba ta da shi, sai dai mikoron kamfaninta da ake ɗorawa a sama. Amma tsohuwar Canon 600D ta 2011 tana da shi, haka 700D, haka Nikon D5300. Wato a nan ƙanwa ba lallai ta fi yayarta ba. Wani mai shago ya ɗora mini 2000D a hannu yana cewa, “Ɗan makaranta, wagga megapiksel 24 gare ta, waccan tsohuwar da kake tambaya 18 ce kawai.” Na ce, “Alhaji, ina ramin mikoro?” Ya juya ta sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce tun da yake sayar da kaya ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ban ga laifinsa ba, masu sayensa ƴan hoton biki ne. Megapiksel kuwa, bidiyon da waɗannan kyamarori ke ɗauka bai wuce kamar megapiksel 2 ba a kowane hoto, ko jikin na 18 ne ko na 24. Hoton da za a buga cikin memwar, rabin shafi, 18 ta yi masa yawa.

Sai na rage tsakanin 600D da 700D da D3300. Abin da ya fitar da 600D tsawon ɗauka ne: in fayil ya kai giga 4, wajen minti 12 ke nan a mafi kyawun hoto, sai ta tsaya. Tsoho in ya shiga labarin yadda kakansa ya ƙera wa sarki linzami, ba ka ce masa dakata in sake dannawa. 700D tana buɗe sabon fayil da kanta ta ci gaba har minti 29 da daƙiƙa 59, iyakar da kusan duk kyamarorin zamanin ke da ita saboda wani harajin Turai da a wancan lokaci yake kan na'urorin bidiyo. Dubi yadda dokar kwastan ta wata nahiya ke yanke wa maƙerin Tasawa magana. D3300 kuma ta fi su kyan hoto cikin duhu, wannan ba gardama, amma allonta a manne yake, ba ya juyawa. Zan dawo kan dalilin da ya sa wannan ya dame ni.

Batun ido ya fi na jiki rikitarwa, kuma a nan ne shawarar da kowa ke bayarwa ba ta yi mini ba. Yawanci jiki na zuwa da ido mai lamba 18-55, wanda ke matsowa yana ja da baya. Ana raina shi. Kowa zai ce maka ka yar da shi ka sayi 50 mai f/1.8. Lambar f ɗin nan a juye take aiki: ƙaramar lamba, babbar ƙofa, haske mai yawa. Tsakanin f/5.6, inda 18-55 ke ƙarewa in an matso da shi, da f/1.8, hasken ya kusa ninki goma. Ga mai aiki cikin duhu wannan kamar an ce ga ruwa ne a Tenere. Amma akwai abu biyu. Na farko, a ƙananan jikunan Canon ana ninka lambar ido da 1.6, don haka 50 tana gani kamar 80. Cikin rumfar da ba ta wuce taku huɗu ba, ko na manna bayana da zana, fuska kawai zan samu, ba hannu, ba wuta, ba uwar maƙera. Na biyu, in ka buɗe ido har f/1.8, wuri ɗan siriri ne ke fitowa tangaran, sauran duk ya narke. Wannan narkewar ce ke sa hoton amarya ya yi kyau. Ni kuwa ina son bakin tsohon da hannunsa su fito tare, don tare suke magana. Saboda haka na riƙe 18-55 ɗin da aka raina, ina aiki da shi a buɗe wajen 18 zuwa 24, inda ya fi shan haske. Sai dai na nace a kan mai rubutun STM a jikinsa, don injinsa ba ya ƙara. Tsohon samfurin in yana neman daidaita hoto kukansa na shiga cikin sauti. Idon da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne ɗan falalen 24 mai f/2.8. Wanda ya zaɓi Nikon kuma ya kula: jikunan D3000 da D5000 da ƙannensu ba su da injin juya ido a cikinsu, don haka tsohon 50 mai harafin D, mai arahar nan, da hannu za ka riƙa daidaita shi. Mai rubutun AF-S za ka nema.

Ranar saye na tafi da wani mai hoto, abokin yayana, da mikorona da kart ɗina a aljihu. Kayan okaziyo ba a sayensu ta hoton WhatsApp. Mun ƙuntata ido zuwa f/22 muka ɗauki farin bango, don a haka ne duk ƙurar da ke kan faranti ke bayyana kamar ɗigon tawada. Mun cire ido muka haska shi da fitilar salula. Ƙasarmu busasshiya ce, ido ba ya yin fumfuna a nan, amma kayan ta bakin teku suke biyowa, kuma wanda ya kwana biyu cikin laimar Kwatano ko Legas yana iya zuwa da wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashi. Wannan in ka gani ka ajiye. Mun duba sau nawa labulenta ya taɓa buɗewa, don shi ma yana da kwanansa. Irin waɗannan ƙananan jikuna akan kiyasta musu wajen 100,000. Nikon na rubuta lambar cikin bayanan kowane hoto, na Canon kuwa sai an haɗa da ordinater. Daga ƙarshe na soka mikoro na karanta “fari, fāri, fara, fāra”, muka saurara. Ɗaya daga cikin biyun da aka kawo ramin nata na motsi, sauti na yankewa. Ɗayar muka ɗauka.

Jiki da ido sun tashi jikka 150 bayan ciniki mai tsawo. Da gangan ban bari suka cinye kuɗin duka ba, don kyamara ita kaɗai ba ta aiki. Batir biyu na ƙari 16, kart biyu 12, mikoro 10, ƙafa uku da ake kafa ta a kai 15. Jikka 7 da suka rage suka tafi wajen ƴar robar hura iska da jakar da ke rufuwa ruf. Kart biyu ƙanana sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ya lalace rabin aikinka ya tsira.

Wani lokaci in na ga ƴan ajinmu suna jin kunyar tsohuwar na'ura, nakan tuna Jean Rouch, wanda kabarinsa ke nan Yamai. Kyamarar da ya fara aiki da ita a bakin kogin Isa, a shekarun 1940, Bell & Howell ce ta hannu da ya saya a kasuwar gwanjo ta Faris. Murɗa ta ake kamar agogo, ba ta kai rabin minti take tsayawa, sauti kuma ba ta ɗauka sam. Ana iya gardama kan yadda ya nuna mutanenmu, kuma muna yi a aji. Amma ba wanda ya taɓa cewa matsalar finafinansa tsufar kyamara ce.

Yanzu batun allo mai juyawa. Labov ya yi magana kan wata matsala da duk mai nazarin harshe ya sani: muna son jin yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, kuma ba mu da hanyar ji sai mun kalle su. Kyamara mai babban ido tana ƙara tsananta wannan. Ranar farko da na kafa ta, tsohon ya gyara hula, ya gyara murya, ya koma wata Hausa irin ta rediyo wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya kuma tambaye ni, “Ɗana, wanga hoto ina zaka da shi? Wa ka ganin shi?” Tambaya ce da ta cancanci amsa, na ba shi ita dalla-dalla: malamaina, da ɗakin karatu na jami'a, ba Facebook ba, kuma abin da ya ce a goge za a goge. Na wanko masa hotonsa guda biyu na kai masa. Amma abin da ya dawo da Hausarsa ta gida shi ne da na daina ɓoye fuskata bayan na'ura. Na kafa ta can gefe bisa ƙafafunta, na juyo da allon yadda zan iya satar kallonsa ta wutsiyar ido, na zauna ƙasa kusa da yaron zuga kamar kowane baƙo. Bayan kamar minti goma ya manta da ita, ya daka wa yaron tsawa da kalmomin da na zo nema. Da allon manne ne, da sai in tsaya a bayanta ina leƙe kamar ɗan jarida.

Tana da nata halin da na koya zama da shi. Littafinta ya ce iyakar zafin da aka yi ta dominsa digiri 40 ne, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun wuce nan tun kafin azahar, balle kusa da wuta. Don haka da sassafe nake ɗauka, in kashe ta tsakanin magana da magana. Ba ta iya bin mai motsi da kanta sosai in ana bidiyo, sai in daidaita ido da hannu tun farko in bar shi. Ido kuma ba na cire shi a waje ko kaɗan, sai cikin ɗaki, jikin na kallon ƙasa.

Akwai abin da na samu wanda ban sa shi cikin lissafi ba. In aka rage girman hoto, 700D na ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa, ana iya rage gudunsa a ordinater. Tsohon “ƙarhe” yake cewa, “hwari”, “tahi”, kamar yadda muka tashi muna ji. Babban ɗansa, wanda ya yi shekaru yana walda a Kano, “ƙarfe” yake cewa in yana magana da ni, “ƙarhe” in ya juya wajen ubansa, wani lokaci cikin numfashi ɗaya. Da na rage gudun hoton sai na ga “f” ɗin nasa ma haƙori ba ya taɓa leɓe kamar na Faransanci da aka koya mana a lakkwal. Leɓɓan biyu ne ke matsowa kusa da juna iska ta bi tsakaninsu. Na sha karanta wannan a littafi, amma ban taɓa ganinsa a bakin mutum ba. Na nuna wa malamin da ke duba aikina, ya sa na maimaita masa wurin sau uku, sannan ya ce in ƙara sashe guda a babi na biyu, in kuma koma Tasawa kafin damina in ɗauki ƙanen, wanda bai taɓa barin gari ba.